Kabarin Da Ya Fito A Garin Kwali

Assalamu alaikum Anti Ummulkhair. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, don garinmu kowa ya san kowa. Na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan bai ce na zautu ba, ko ya ce mijina ya fara tsibbu.

Maigidana direban babbar mota ne, shekara goma sha huɗu yana ɗaukar kaya daga Maigatari zuwa Kudu. Bara waccan mota ta faɗi da shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba. Wata bakwai yana kwance ya juya fuska bango, abinci sai na yi kuka yake ci, 'yarmu Zakiyya ma ta daina shiga ɗakin don tsoro.

Ana nan sai abokinsa Ismail, malamin makaranta ne a Gumel, ya nuna masa wani wasa a waya. Manyan mutane ne da gemunsu suke gina ƙaramin gari a kan tebur, da ganuwa da tuddai, su jera mayaƙa su yi ta gwada dabara kamar masu dara. Ni dariya ma na yi. Shi kuwa washegari ya ce in samo masa kwalin taliya da almakashi.

Anti, da kin ga abin da hannun nan ya yi. A kan wani tsohon ƙyaure da muka shimfiɗa masa a ƙasa cikin zaure ya fara. Tsinken tsintsiya ya zama zana, gwangwanin tumatir ya zama rumbu, marfin man goge baki ya zama bakin rijiya, tsohon sosona na wanke-wanke ya rina shi kore ya zama itatuwa. Da ƙaro da kunun sitaci yake liƙawa. Mayaƙan kuwa murafan lemo ne da ƙwallayen dabino, don ya tambayi malam an ce kada ya yi abu mai fuska. Duk Juma'a bayan la'asar Ismail da wani ɗan acaɓa mai suna Ubale suke zuwa su yi ta yaƙi suna musu. Ran da na fara jin dariyarsa daga madafi sai da na ajiye muciya na yi kuka.

Garin da yake ginawa garinsu ne na haihuwa, can bayan Sule Tankarkar. Yanzu kufai ne, tun da rijiyarsu ta rufta kowa ya watse, yana ɗan shekara tara. Da ya zo kan gidan mahaifinsa sai ya ce bangon kwali ba ya kama da gida, shi ƙasar can yake so ya shafe shi da ita. Ubale ya hau babur ya je ya kawo rabin buhu, ja wur, mai danƙo. Sai da aka gama shafe garin kaf sannan Ubale ya faɗa mana yana dariya, wai ƙasar wajen duk rairayi ce ba ta kamawa, don haka wani suri ya fasa a gindin tsamiya bayan tsohon gidan. Gabana ya faɗi. Mu an tashe mu a kan ko ruwan zafi ba a zubarwa kusa da suri, balle na gindin tsamiya, balle a kufai.

Bayan mako biyu na shiga shara da safe na ga wata siririyar hanya ta ƙasa ta taso daga rijiyar garin kwalin ta nufi ƙofar gidan mahaifinsa. Na tambayi maigidana, ya ce ba shi ya yi ba. Na kankare ta da wuƙa, kwana biyu ta dawo a inda take. Kuma da tsakar rana, in gida ya yi tsit, ina jin wani ɗan motsi daga cikin garin, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana daka a wata unguwa mai nisa. In na buga ƙafa ya tsaya, in na yi shiru ya ci gaba.

Wannan duk na daure. Abin da ya sa na rubuto miki shi ne wani ɗan tudu da ya fito a tsakar gidan kwalin, bayan rumbu. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, a kwance daga kudu zuwa arewa, sak kabari. Surukata Inna, wadda take zaune da mu, idonta ya yi rauni, da hannu take kallon garin. Tana shafawa ta gane ɗakinta, ta gane rumbu, da yatsanta ya hau tudun sai ta janye hannu tana salati. A madafi ta same ni, ta faɗa mini daidai wurin aka binne ɗanta na fari, wanda ya rasu kwana uku da haihuwa, kamar yadda ake binne jarirai cikin gida a da. Ba a taɓa gaya wa maigidana yana da wa ba. Ta roƙe ni kada in faɗa masa.

Shi kuwa da bai san komai ba, ya zagaye tudun da tsinkaye, ya hana ko marfi ɗaya ya bi ta wurin. Ubale ya tambaye shi dalili, ya ce shi ma bai sani ba, kawai wurin ba na takawa ba ne.

Ba zan ɓoye miki ba, na sayi kalanzir na ɓoye bayan randa. Duk Alhamis ana kai shi gashin ƙashi Gumel, kuma Alhamis biyu ke nan ina fito da kwalbar ina mayarwa. In na ƙona garin, ina tsoron ya sake juya fuska bango, wannan karon ba dawowa. In na bari, ban san da me muke kwana a gida ɗaya ba. Yaya zan yi?

Matar Direba, daga Maigatari

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, ki juye kalanzir ɗin nan a risho ki dafa masa shayi.

Hanyar da kike kankarewa tana dawowa, da motsin da yake tsayawa in kin buga ƙafa, aikin gara ne. Kun haɗa mata kwali da sitaci da laima a kan katakon da yake kwance a ƙasa, kun kuma kawo mata ƙasar gidansu, ai walima kuka shirya. Ki sa Ismail da Ubale su ɗaga ƙyauren da rana tsaka, a yi bisimilla a duba ƙarƙashi. A ɗora garin a kan tebur, a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanaye da baƙin mai, a riƙa fitar da shi rana. Ragowar ƙasar a soya ta a tsohon kasko kafin a sake amfani da ita, a bar sitaci a tsaya a kan ƙaro. Ki kuma sa a duba azarar zauren, don gara ba a kwali take tsayawa ba.

Ban ce tsoronki wauta ba ne. Aljanu gaskiya ne, kuma Ubale ya yi ganganci da ya fasa surin da bai san komai a kansa ba. Ku riƙe azkar, a karanta Baƙara a gidan, zuciyarki za ta natsu.

Maganar tudun kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Shingen da maigidanki ya yi ina iya fahimta: yaron da uwarsa take kore shi daga bayan rumbu duk lokacin da ya je wasa, zai girma yana kauce wa wurin ko da ya manta dalili. Amma me ya sa gara ta zaɓi nan ta tara ƙasarta, ta kuma kwantar da ita haka, na juya abin a raina ban samu amsa ba. Allah ne masani, kuma ban san wani mutum da zai gaya miki fiye da haka da gaskiya ba.

Abin da na sani shi ne, in kin ƙona garin a ɓoye, ranar zai gane cewa ana iya yanke hukunci a kan abinsa da zarar an ɗauke shi daga gida, tunda ba shi da ƙafar da zai tsaya ya hana. Wannan ya fi gara ɓarna, kuma ba na jin zai warke daga shi.

Sirrin na Inna ne, kada ki fasa shi, amma ki koma gare ta cikin ladabi. Ki ce mata ɗanta yana gadin kabarin wansa bai sani ba, ya kamata ya ji daga bakinta tun tana da rai. In ta yarda, ku nemi mota ku kai su kufan nan su biyu, a zaunar da shi a bayan inda rumbun yake, su yi wa yaron addu'a. Shekara arba'in da wani abu tana ɗauke da shi ita kaɗai, ba ta da ko wanda za ta yi zancen yaron a gabansa.

Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya saka miki da alherin jinyar da kika yi.

Anti Ummulkhair