A Gyara Maganar Zogale da Ciwon Daji

Zuwa ga Manajan gidan rediyon da ke sa shirin maganin gargajiya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Ni matar wani dillalin shanu ce a Sandamu. Ban kama sunan tasharku ba domin gyara nake nema, ba tozarci ba.

Bara likita ya tabbatar maigidana yana da ciwon dajin mafitsara, irin wanda ke kama maza in sun manyanta. Aka ɗora shi a kan allura da ƙwayoyi, fitsari ya daina riƙe masa, har ya koma cin kasuwar Daura. Ana nan sai kuka kawo wani mai magani a shirinku, ya ce masana sun gano sinadarin cikin zogale yana kashe ƙwayoyin wannan ciwo. Malam, maigidan nawa, bai taɓa ƙaryata rediyo ba. Ya bar zuwa asibiti, ya koma shan garin zogalen da mutumin ke sayarwa. Na yi magana, ya ce ban fi masana sani ba. Da hannuna na riƙa dama masa a kunu.

Kafin a cire amfanin gona bayansa ya riƙe, tsayuwar salla ta gagara. Da muka kai shi Katsina aka ce ciwon ya shiga ƙashi. Yanzu yana kwance da robar fitsari.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, likitan ya ce mana binciken gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji aka yi shi. An tace sinadarin, an zuba wa ƙwayoyin ciwon a cikin ɗan faranti, ba a jikin mutum ba. Tsakanin wannan da a kira shi magani akwai sauran aiki mai yawa. Baƙonku ya faɗi rabin magana, mai gabatar da shirin bai tambayi sauran ba.

Na biyu, ba gaba nake da zogale ba. Yana nan a tsakar gidana, da kwaɗonsa na raini 'ya'yana. Laifin na wanda ya ce ya wadatar ne.

Na uku, ku sani maza suna kunyar wannan ciwo. Wanda ba zai iya faɗa wa likita yadda fitsarinsa yake ba, zai sayi garin magani a ɓoye.

Ina roƙon ku gayyaci likita cikin wannan shirin, a daidai lokacin da aka saba, ya warware maganar da Hausa. Duk mai maganin da ya ambaci bincike kuma, a tambaye shi ko an gwada a kan mutane. Ku hanzarta, don Allah. Ƙanin Malam ya fara kukan yawan fitsari, na kuma ga ledar garin nan rataye a babur ɗinsa. Ba zai ji tawa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka daga ciwo.

Wassalam.

Hadiza, Sandamu.