Tsoho Mai Latti

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya gajiya. Mu nan lafiya lau, jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Wayarka kullum a kulle take a akwatin bakin ofishinku, ni kuma ba zan iya wannan magana da baki a gidan nan ba. Ciwon ya taɓa wa Baba harshe da hannun dama, amma kunnensa ras yake, ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ya juyo.

Jiya da hantsi na kunna manhajar kallon finafinai ta kamfaninku, wadda ka ce an ba iyalan ma'aikata su gwada a gida kafin a buɗe wa jama'a. Ina ta gangarawa da rimot ina neman abin da zan sa wa Baba idan ya fito daga wanka. Can ƙasa akwai wani layi da aka rubuta wa "Na gwaji". Tsakanin hoton wata mota mai gudu da na ruwan teku, sai ga fuskar Baba. Rigarsa mai ruwan toka, kujerarsa, labulen falonmu.

Auta, bidiyon nan ne da na ɗauka yana koyon magana, wanda likita ta ce a riƙa ɗauka ana kai mata. Ka san sharaɗin da ya kafa kafin ya yarda: daga ni sai likita. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tafinta a kotu, wanda kafin alƙali ya rufe baki ya juya magana, yau yana kokawa da sunayen 'ya'yansa, miyau yana zuba. Ko ƙannensa ya hana su shigo dubiya. Na saɓa masa na turo maka ne don tun da aka sallamo shi daga asibiti ba ka tako gidan nan ba, na ce ko tausayi zai kawo ka. Ban turo don a jera shi cikin finafinai ba.

Na zare fulogin talabijin na cusa a bayan kabad, na ce masa ta lalace. Ka cire bidiyon nan yau. Ba bayani nake nema ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka

* * *

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Na karanta saƙonki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wurin zama.

Kin ce ba kya son bayani, amma ki yi haƙuri ki ji, don abin ya fi ƙarfin danna maɓalli.

Ɗakin da muke aiki ba shi da taga. Talabijin ne jere a bango, manya da ƙanana, har da tsofaffin da ko kyauta ba za ki karɓa ba. Aikinmu mu kunna bidiyo a kowacce, mu rage ƙarfin intanet da gangan, mu ga ko hoto zai tsaya, ko zai dushe, ko murya za ta rabu da leɓen mai magana. Ba a shiga da waya. Shi ya sa na ɗora bidiyon Baba a ma'ajiyar da muke zuba bidiyoyin gwaji, don in riƙa kallonsa lokacin cin abinci idan ɗakin ya zama ba kowa. Na yi niyyar gogewa. Kullum sai in ce gobe.

Abin da na manta shi ne, akwai wata manhaja da ke bin duk abin da ke ma'ajiyar tana auna motsin baki da fitowar murya. Da ta zo kan Baba sai ta ga baki ya motsa, murya ba ta fito ba sai daga baya. Ita kuwa nan take ta shigar da rahoto cewa sauti yana latti. Ƙa'idarmu, duk bidiyon da aka kama matsala a cikinsa ana kulle shi a matsayin shaida, ba mai iya goge shi sai shugabar sashe ta rufe rahoton. Kuma ana tura shi layin nan da kika gani, don masu gwaji a gida su duba ko a nasu talabijin ma haka ne.

Ni da ke mun san injin lafiyarsa ƙalau. Haka Baba yake magana yanzu, leɓe ya riga, murya ta biyo baya.

Idan na faɗa, kora ce, don shigo da bidiyo daga waje babban laifi ne a nan, balle ana gab da buɗewa. Kuma dole in faɗi ko waye a ciki. A yanzu ba wanda ya san shi, tsoho ne kawai a kujera. Ki ɗan ba ni lokaci. Injiniyan sauti zai bincika, ya ga ba komai, a rufe rahoton, in goge, magana ta wuce ba wanda ya ji.

Ki gaishe min da Baba.
Ƙaninki, Auta

* * *

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Wato ba gidanmu kaɗai ba ne. Yanzu haka wasu na zaune a falonsu da 'ya'yansu, suna shan shayi suna kallon ubanmu yana goge haɓa da hagu. Ka rubuto min wannan cikin natsuwa kamar mai karanta labarai.

Gaisuwarka kuma ban isar ba. Idan na ce kana gaishe shi, tambayata zai yi yaushe za ka zo, kuma tambayar nan tana ɗaukarsa lokaci mai tsawo, ni ce ke tsayawa ina jira har ta fito. Lokacin cin abinci kake kallonsa? Mota ɗaya ce tsakaninka da shi, ko canji ba ka yi.

Ga halin da ake ciki. Baba ba shi da abokin hira yanzu sai talabijin ɗin nan. Ya sa na zagaye masa ranar buɗe manhajarku a kalanda, yana nuna wa likita da yatsa yana cewa aikin ɗana ne. Tun da na ce ta lalace yake zaune yana kallon baƙin gilashi. Jiya na same shi ya dafe waya a cinya yana lallatsawa da babban yatsan hagu. Ashe mai gyara ya aika wa saƙo. Mutumin ya ce yana wani aiki, sai Laraba zai shigo.

Na yi wa Baba ƙarya sau ɗaya saboda ni, sau ɗaya saboda kai. Ba ni da ta uku. Kafin Laraba ka san yadda za ka yi.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka

* * *

Yaya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ba zan musa ba. Tsoron ganinsa a haka nake yi. A talabijin, idan abin ya yi min yawa, sai in tsayar.

Al'amarin bai tafi yadda na zata ba. Injiniyan sautin, Dogo muke ce masa, bai ga cewa ba komai ba. Ya yarda da manhajar fiye da idonsa. Da ya matso da sautin gaba don ya dace da bakin Baba, sai duk sauran finafinai suka karkace, jarumi bai buɗe baki ba an ji ihunsa. Da ya mayar, rahoton ya dawo. Shugabar sashe ta ce ba za a buɗe da matsalar da ba a san tushenta ba, kuma a gabanmu ta ce masa idan abin ya gagare shi akwai masu neman kujerarsa. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, Yaya. Ko abinci ya daina fita ci.

A ofis har sun sa wa bidiyon suna, wai Tsoho Mai Latti. Idan wani ya makara da safe sai a ce ga ɗan gidan Tsoho ya iso. Jiya ɗaya daga cikinsu ya kwaikwayi yadda yake murɗa baki, aka fashe da dariya. Ina zaune a wurin. Na sunkuyar da kai ina ta danna rimot ɗin da ba ya kunna komai.

Dogo ne kaɗai bai yi dariya ba. Da rana ya kira ni teburinsa, ya miƙo min abin sa wa a kunne, ya ce, "Zo ka ji wannan wurin, kai kunnenka ya fi nawa." Wurin da kike ce wa Baba ya faɗi sunayenmu ne. Ya faɗi naki. Sai ya zo kan nawa, baki ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, sannan aka ji "Auta". A nan ba wanda ya san ana kirana haka. Dogo ya mayar da wurin ya fi a ƙirga, yana auna tazarar. Ya ce, "A kan wannan kalma lattin ya fi tsawo, na rasa dalili." Can kuma ya ce, "Ko waye Autan nan, tsohon nan yana ji da shi."

Na buɗe baki zan faɗa masa, wallahi na buɗe. Sai shugabar ta leƙo tana neman wani abu, na ajiye abin kunnen na koma wurina.

Ranar Alhamis da safe masu kamfanin za su zo. Za a haska bidiyon a babban allon ɗakin taro, Dogo ya tsaya ya yi bayanin abin da ya hana a buɗe. Idan na yi shiru, za a kalli Baba a bango guda, a sallami mutumin da bai yi laifin komai ba. Idan na yi magana, na tona abin da Baba ya ce a rufa, a gaban mutanen da suka yi masa dariya. Ki riƙe min mai gyaran nan ko ta halin ƙaƙa, ina neman mafita.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

* * *

Auta,

Salamu alaikum. Ba sauran abin riƙewa.

Mai gyara bai jira Laraba ba. Yau Talata na fita karɓo magani, aikinsa ya ƙare da wuri, ya biyo. Baba da kansa ya dogara sanda ya buɗe masa ƙofa. Mutumin ya leƙa bayan kabad, ya mayar da fulogi, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, ya tafi.

Da na dawo, tun daga tsakar gida na ji muryata a talabijin ina cewa, "Baba, a sake, a hankali." Na shiga falo da sauri. Na same shi zaune, rimot a hagu, yana kallon kansa. Bai juyo ba har ya ƙare. Sannan ya sake kunnawa daga farko.

Na durƙusa a gabansa na ce ni ce na tura maka. Ya ɗaga min hannu, ya nuna talabijin, ya ce, "Ya aka yi?" Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗauko waya na karanta masa wasiƙunka biyu. Ban tsallake komai ba, har sunan da suka sa masa, har mai kwaikwayon. Ka yi fushi idan ka ga dama. Na gaji da tace masa magana kamar ƙaramin yaro.

Na zaci a kan sunan zai fashe. Ko gezau bai yi ba, har kamar ya so ya murmusa. Amma da na zo inda ka ce kana zaune a wurin ka sunkuyar da kai, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe bakinsa yana motsi, na jira, ba abin da ya fito. Ya tambaye ni labarin Dogo, ko jaririnsa namiji ne ko mace, na ce ban sani ba.

Abincin rana ya ƙi ci. Ya sa na kawo masa takarda da biro, na ce ya faɗa in rubuta, ya ƙi. Tun azahar yake fama da hagu, ya yaga takarda ta fi biyar. Ban san me yake rubutawa ba, ya kare da gwiwar hannu. Idan ya gama zan ɗauki hotonta in turo maka yadda take.

Ina jin tsoro, Auta. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Yayarka

* * *

Auta,

Salamu alaikum. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Na ga kaina. Ban mutu ba.

Na hana a gan ni. Yau na janye. Ranar Alhamis su haska. Idan ya ƙare ka miƙe tsaye ka ce, wannan ubana ne, injinku lafiya lau, bakinsa ne ke latti. Da ƙarfi za ka faɗa, yadda na baya zai ji. Kada a kori ɗan mutane saboda ni.

Dariyarsu ba ta dame ni ba, ba su san ni ba. Kai ka san ni.

Idan sun kore ka, akwai ɗakinka. Idan ba su kore ka ba, duk da haka ka zo. Ka zauna a gabana. Ni ba a tsayar da ni da rimot. Idan na buɗe baki ba ka ji komai ba, kada ka kawar da kai. Ka jira. Sunanka ne yake tahowa.

Allah Ya yi maka albarka.
Babanka