Zuwa ga Ammu Raman, wanda na sa aka kora

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Indiya. Ni ne Kabiru, ɗan Najeriyar da kuka yi shekara huɗu tare a sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda. Ba ka jin Hausa, adireshinka ma ba ni da shi. Zan rubuta duk da haka, masu karatu su zama shaida.

Ranar da na fara aiki ko sunan kayan ban sani ba. Kai ka zaga da ni kanta-kanta. In azumi ya zo ba ka shan ruwa a gabana, kuma kai ke ɗaukar kwalayen la'asar, lokacin da azumi ya galabaitar da ni.

A lokarka, akwatin ajiyar kayanka a wurin aiki, akwai ɗan hoton wani tsoho, waliyyin ƙauyenku kamar yadda kuke ce masa. A motar kamfani, daga masaukinmu a unguwar Mahjar zuwa wurin aiki, ka ba ni labarinsa da guntun Larabcinka. Majemi ne, an hana shi shiga ɗakin ibadarku saboda asalinsa. Cikin ababen bautar mutanenku guda ɗaya ya riƙe, bai taɓa kiran wani ba. Har ya tsufa yana zaune a bakin ƙofa yana ambaton sunan abin bautar nan. Sun jefe shi, sun ƙona bukkarsa, sun karya masa hannu. Da ya mutu, jikokin masu jifan suka gina ɗaki a inda yake zama. Ka ce har yau ana dafa abinci a wurin a ba kowa, ba a tambayar ɗan wane ne. Kakan ƙara da cewa, "Bai taɓa zagin mai jifansa ba, Kabir." Ban yarda da addininka ba, ka sani, ba ka kuma taɓa neman in yarda ba.

Sai mudir, manajanmu, ya ce kafili, wanda ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, iƙamar mutum ɗaya zai sabunta a sito, wato takardar izinin zama. Ko ni ko kai.

Na buɗe lokarka na ɗauki hoton tsohon a wayata. Na ce wa mudir kana bautar gunki a cikin kamfani, kana kunna turare kusa da kwalaye. Maganar turaren ƙarya ce. Ko ashana ban taɓa gani a hannunka ba.

Da hantsi mudir ya tara mu, ya ce ka jefa hoton a shara da hannunka. Ka tsaya, furfurarka ta jiƙe da gumi, ka ƙi. Ya fizge ya yar, ya sa takalmi ya murje. Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Kana durƙushe kana tsince gutsattsarin ya ce halas, wato shi ke nan, mako ɗaya ka bar ƙasar. Sannan ya nuna ni, ya ce ga wanda ya kawo ƙara.

Makon nan ka ƙare shi kana nuna mini abin da ban gama iyawa ba. Ranar tafiyarka ka ce kada in hau dogon tsanin nan ni kaɗai, ƙafarsa ɗaya ta saki. Ban raka ka mota ba, na fake da aiki.

An sabunta iƙamata. Na gaya wa mutanenmu a unguwar Bani Malik kishin addini ne, wasu har albarka suka sa mini. Ammu, ba don Allah na yi ba. Tsoron komawa gida hannu rabbana ne. Sunan Allah na ara na yanka ka da shi, kai da ka girmi mahaifina.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya rufa maka asiri a tsufanka, Ya shiryar da mu baki ɗaya. Haƙƙinka kuwa na san sai ka yafe, ga shi ban san ko kana raye ba.

Naka, in har ka yarda,
Kabiru, Jidda