Ni Na Tona Asirin Kwaɗon Kawuna

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, yau mako uku ke nan ban iya ɗaga wayar kawuna ba.

Injiniyan lantarki na karanta, na yi shekara shida ina aikin, sannan na koma na karanta lauya. Yanzu aikina biyu ne, yi wa masu ƙirƙira rajistar abin da suka ƙera don kada wani ya kwaikwaya, da ba kamfanoni shawara kan dokokin tsaron intanet. A ofis lauyoyi suna ce mini mai sukuddireba, tsofaffin abokan aikina kuma suna ce mini mai surutu. Dariya nake yi, amma abin yana cina.

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne, gyaran kayan lantarki yake yi. A shagonsa na fara riƙe dalma, a kan benci mai ƙafa guda gajeriya. Shekara bakwai ya yi yana haɗa wani kwaɗon ƙofa da ake buɗewa da waya, wanda ke kulle kansa da zarar masu kutse sun taɓa shi. Ya kawo mini zanen a tsohuwar ambulan don in yi masa rajista, ya ce ba zai ba bare ba alhali yana da 'ya.

Abu na farko da nake gaya wa duk mai ƙirƙira shi ne kada ya nuna wa jama'a kafin a shigar da takardu, don abin da duniya ta gani ya daina zama sabo. To, Anti, ni ce na nuna. An gayyace ni taron lauyoyi in yi bayani kan kutse, ban riga na shigar da takardun kawu ba, sai na haska zanensa a allo. Ba dole aka yi mini ba. So nake su san na fi su sanin ƙarfe. An tafa mini, an ɗauki bidiyo, an sa a intanet.

Yanzu ofishin rajista ya rubuto cewa kwaɗon ba sabo ba ne, hujjarsu kuma bidiyona, da fuskata da muryata. Wasiƙar tana cikin durowata mako uku ke nan. Kawu kuwa har ya gaya wa Mama cewa 'yarsa ta kusa sa sunansa a takardar hukuma. Kunya ta ishe ni. Ina tunanin in ce masa wani ne ya riga shi, sannan in ajiye aikin.

Mai Takarda Biyu

Ƙanwata Mai Takarda Biyu,

Kin yi kuskure, kuma babba ne, ba zan shafa miki mai a baki ba. Na fahimci abin da ya kai ki, wanda ake yi wa kallon baƙo a gida biyu yakan so a yaba masa ko sau ɗaya. Amma da gumin kawunki kika nemi tafin.

Maganar wani ya riga shi, ki binne ta. Idan kika faɗa masa haka, zai zauna yana ganin shekara bakwai ya yi yana ƙera abin da wani ya gama, wannan kuwa ya fi rasa rajistar ciwo. Bidiyon ma yana nan, wata rana zai gani.

Ki buɗe durowar yau. Irin wannan wasiƙa tana da wa'adin amsa, kin riga kin cinye mako uku. Ki sanar da shugabanki na ofis, ki miƙa fayil ɗin ga wani lauya, don ba za ki zama mai laifi kuma mai kariya ba. Ya duba ko dokarku na ba da rangwamen lokaci ga abin da aka nuna kafin rajista, da ko akwai sashen kwaɗon da ba ki haska ba. Ban yi miki alkawarin za a dace ba.

Aikin kuma kada ki ajiye, gudu ne kawai da sunan nadama.

Kafin makon nan ya ƙare ki je shagon da ƙafarki, ban da waya, ban da aiken Mama. Ki faɗi abin da kika yi ba kwana-kwana. Idan ya yi fushi, haƙƙinsa ne, ki zauna a kan bencin nan ki saurara har ya gama. Ya ce yana da 'ya, to 'yar ce ya kamata ta gaya masa.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki ƙarfin hali.