Layin Inna a Hannun Mai Faci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, ya raya mana 'yan biyu, ya sa albarka a karatunsu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kumburin ƙafar Inna ya sace, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa kowa faɗa, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Kawu yana nan manne da rediyonsa, a ganinsa ya fi mai karanta labarai sanin abin da gwamnati ke nufi. Ɗinki ma alhamdulillahi, sai dai keken nawa ya tsufa, kullum da irin kukan da zai tashi da shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali kowane mako muna waya. To kin san Inna, da ta ji muryarki za ta matso ta ce a buɗe ta ji, ba kuma za ta tashi ba sai an kashe. Maganar da ke cina ba ta gabanta ba ce, shi ya sa na rubuta na ba direban da ke zuwa wajenku.

Maganar layinta ce. Kin tuna ranar da aka fara cewa kowa ya yi wa layinsa rajista, muka kai ta shagon mai waya, na'urar ta ƙi kama yatsanta saboda shekarun wanki sun cinye zanen. Mai shago ya shafa mata mai, ya goge, ya gwada wannan ya gwada wancan, shiru. Ke kika gaji kika ce kawo, kika ɗora naki babban yatsan, aka rubuta sunanki, muka dawo gida muna dariya. Ba wanda ya ga aibu, don rabin tsofaffin unguwarmu da yatsun 'ya'yansu suke waya. Kin kuma san me lambar nan take a wurin Inna. Tun da Autanmu ya yi fushi da marigayi Baba ya fita, ba mu san ƙasar da yake ba, kuma duk duniya lambar da ya haddace ke nan. Shi ya sa wayar ba ta rabuwa da bakin zaninta. Ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta a kan taga inda za ta ji.

To da sabuwar doka ta fito, wai sai an haɗa kowane layi da katin shaida da fuskar mai shi, na gaya miki an rufe layin, amma ban gaya miki yawon da na sha ba. Rediyo ta ce an ƙara wa'adi, washegari muka tashi layi a rufe. Na ɗauki Inna muka tafi ofishin kamfanin, muka zauna a kan benci tun hantsi har azahar. Da muka isa gaban gilashin, yarinyar da ke ciki ta ce sai mai layin ta zo da kanta. Na ce ai ga ta nan, ita ce take riƙe da shi tun kafin ke ki gama makaranta. Ta juyo min da kwamfutar, sai ga hotonki da ɗankwalin nan naki mai ruwan toka. Na ce bari in kira ki ta bidiyo ta gan ki, ta ce doka ba ta san bidiyo ba. Na ce to a mayar da shi sunan Inna, ta ce wannan ma sai kin zo kin yarda da yatsanki.

Daga nan aka tura ni ofishin hukumar da ke kula da kamfanonin waya. Can suka ce su doka kawai suke kafawa, layi na kamfani ne. Na koma kamfani, suka ce su bin doka suke yi, in koma wurin masu ita. Wani ma'aikaci mai kirki ya ja ni gefe, ya ce da a ce mai layin ta rasu da aikin ya yi sauƙi, takardar mutuwa kawai zan kawo a ba magada. Yaya, ki ji fa, wai laifinki shi ne kina da rai. Na ce masa Allah ya kiyaye, na fito ban san hanyar da na bi na iso gida ba. Kawu ya ce duk don maganin ɓarayi da masu satar mutane ake yi, kuma ni ban musa ba, mu ma muna son a kama su. Abin da na kasa ganewa shi ne me tsohuwa mai jiran kiran ɗanta ta sata.

A ƙarshe suka ce mu kwantar da hankali, layi yana nan a ajiye har ranar da za ki zo hutu. Na yarda, tunda na san nisa da jinyar maigida ba za su bar ki ki taso yanzu ba, na saya wa Inna wani layin da sunana a wata wayar don ki riƙa samunta, tsohuwar wayar kuma ta ci gaba da sa mata caji. Ba wanda ya gaya min ashe akwai wata dokar kuma, wadda ta ce duk layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya karɓe ya sayar wa wani. Su suka rufe shi da hannunsu, sannan suka juyo suka ce ba a amfani da shi. Na juya maganar nan a kaina har ya yi ciwo, ban ga inda ta haɗu ba.

Na saba in ina kan keke in danna lambar don in ji ko an buɗe. Makon jiya da safe na danna, sai na ji tana shiga. Na dubi wayar Inna a kan tabarma, ko motsi ba ta yi ba. Can sai wani namiji ya ɗauka. Na yi ta maza na fita waje na tambaye shi ko wane ne, ya ce mai facin taya ne a hanyar tasha, kwanan nan ya sayi layin a wurin masu sayar da layi a ƙarƙashin laima, da fuskarsa da katinsa. Na sa mayafi na tafi.

Dattijo ne, rumfarsa ta langa-langa ce, ga tsofaffin tayoyi jibge da bahon ruwan da yake tsoma tib a ciki. Ya goge min benci, ya saurare ni har na gama. Sai na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ce kwanaki wani ya kira, namiji, ya yi sallama da ladabi ya ce a ba shi Inna. Da dattijon ya ce masa ba ya tare da wata Inna, sai mai kiran ya ce to a ba shi Ƙaramar Yaya. Yaya, wa ke kirana da wannan suna in ba Auta ba? Dattijon ya ce shi da zuciya ɗaya ya yi masa bayani, cewa layin sabo ne a hannunsa, kuma wanda ya sayar masa ya ce yawancin irinsu na waɗanda suka rasu ne ake sake fitarwa. Ya ce mai kiran ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙanta, ya kashe.

Na zauna a kan bencin nan na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Muka nemo lambar da ya kira da ita, muka buga. Wani mai shago ne a wata ƙasa, da ƙyar muka fahimci juna, ya ce wani mai wucewa ne ya roƙi aron waya, bai san shi ba. Dattijon ya ciro layin ya ce in karɓa, ba ya son komai. Muka je kamfani tare, suka ce yanzu fuskarsa ce a kai, kuma riƙe layin wani laifi ne. Wani ya ce ana iya mayarwa sunan Inna idan na'ura ta kama yatsanta, wani ya ce an dakatar da hakan sai sabon umarni ya fito. Ban san wa zan bi ba. Bawan Allahn nan dai ya ɗauki fenti ya rubuta lambata a jikin rumfarsa, ya ce ba zai ƙara kashe wayar ba, kuma duk ranar da yaron ya sake kira, abin da zai fara ce masa shi ne mahaifiyarka tana nan da ranta. Amma wanda ya riga ya yi wa uwarsa addu'ar mamaci, me zai sa ya sake bugowa?

Ga abin da ya sa na rubuto. In gaya wa Inna, ko in yi shiru? Idan na faɗa, za ta san ɗanta yana raye, kuma ya neme ta, abin da take roƙo a kowace salla. Amma za ta san cewa yana can yana makokinta, ba mu da hanyar ce masa ƙarya ne. Idan na yi shiru, zan ci gaba da kallonta kowace yamma tana jona wayar da ba za ta ƙara ringi ba. Na kai bakina zan faɗa ya fi a ƙirga, sai in ji na ce mata ga ruwan alwala. Ke ce babba, ki yi shawara da maigidanki, ki aiko min da amsa a hannun direban nan, kada ki taɓo maganar a waya.

Ki gaida maigida da 'yan biyu da 'yar autarki mai surutu. Kawu da Gwaggo da baban yarana duk suna gaishe ku. Inna ta gan ni ina rubutu, na ce mata takardar gaisuwa ce. Ta ce in gaishe ki da kyau, in kuma ce miki ki daure ki kawo yatsan nan naki da wuri, kada yaron ya kira ya ji a rufe ya ɗauka fushi take yi da shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙaramar Yaya