Ƴarka za ta karanta noma

Zuwa ga maigidana Malam, baban Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina so in shaida maka abin da na yanke game da ƴarka, don kada ya zama na yi shi a bayan idonka.

Yagana ta ci bak, jarabawar gama sakandare. Ka tuna abin da kake faɗa in ka dawo daga lambu, hannuwanka na raɗaɗin tattasai: "Yarinyar nan a biro za ta zauna tana aikin ofis, rana ba za ta taɓa ta ba." Tun ranar da mutanen daji masu bindiga suka same ka a bakin kogin Komadugu kana ban ruwa, na riƙe maganar nan kamar wasiyya. Shi ya sa da ta ce ilimin noma take so ta karanta a jami'a, na ce ba da yawuna ba.

Ka san kwalbar irinka na tattasai, wanda kake tsincewa daga ɗibar fari, manya masu ja sosai. Da aka ce kowa ya tashi daga bakin kogi, na bar tukwane da tabarmi, amma ita na ƙulle ta a zanena. Ta zauna da mu a rumfar bakin kwalta, ta biyo mu ɗakin da yayanka ya ba mu a Diffa. Ko da aka sake barin mutane su noma tattasai, maƙwabta sun roƙe ni, na hana. Gani nake in na shuka shi, shi ke nan ba abin da ya rage min naka.

Sai malaman jami'a suka zo lise, wato sakandaren su Yagana, aka kira iyaye. Ɗaya likitan dabbobi ne, ya ce ana neman masu duba shanu da awaki har Maine-Soroa. Ɗayar mace ce, malamar noma, ƴar yankin nan, da Hausa da Barbarci ta yi mana bayani. Bayan an tashi Yagana ta ja ni wurinta. Ni kuwa don ta san mu ma gidan manoma ne, na ba ta labarin kwalbar, har ina alfahari da daɗewarta.

Ba ta yi min dariya ba. Ta ce iri rai gare shi, na tattasai kuma ba ya jure ajiya, duk shekarar da ya ƙara a kwalba wasu ƙwayoyin mutuwa suke. 

Ta koya wa Yagana gwaji: a jiƙa tsumma, a jera ƙwayoyin, a naɗe, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Da muka koma gida na buɗe wa Yagana kwalbar. Kullum sai in tarar da ita tsugune gindin randa tana yayyafa ruwa, ta cije leɓe yadda kake yi in kana dashe. Yawancinsu ba su motsa ba. Amma kaɗan sun fasa, wani ɗan farin zare ya leƙo. Malamar ta ce sun isa. Suna da filin gwaji nesa da kogi, can za a rene su, in sun yi yawa a mayar wa manoma.

Na yi ta tunani. Wahalar da ka sha kake guje wa Yagana, ciwo ya kama ganye, ka tsaya kana kallo, ba wanda za ka tambaya. In ta gama, ita za a riƙa tambaya. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro bai sake ni ba, har yanzu akwai gonakin da ba a zuwa. Duk da haka na sa mata albarka, in na saɓa maka ka yafe min. Ranar Litinin za ta fara, ni zan raka ta har ƙofa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka, ya kwantar da ƙasarmu. Ita kuma Yagana, Allah ya sa duk safiyar da ta tafi gona, ta dawo min gida.

Matarka,
Fanna