Kan Babur Yana Rawa

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Kan babur ya sake rawa yau a hanyar Gozaki, daidai gangaren rafi. Ba sosai ba, kamar akuya ta kori ƙuda. Amma na ji shi har kafaɗa.

Tun da na saye shi a hannun wani injiniya da ya gama aikin hanya bai taɓa yi mini haka ba. Babur ne na tseren daji, irin wanda Turawa ke tsallake tudu da shi, dogo kamar raƙumi. Malaman makarantarmu har yau Ɗan Sama-jannati suke kirana in na shigo da shi. Su yi ta dariya. Idan damina ta nutsa, taɓo ya kama ƙananan babura, ni kaɗai nake isa gona da tsabtataccen wando.

Ummaru ƙanena ya zo da la'asar. Ya sha fura, ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya ce, "Yaya, bana ka ara mini gonar Gozaki in nome, kai ka huta." Na ce wa ya gaya maka na gaji? Ya kalli Mairo. Matata kuwa sai ta ga wani abin sha'awa a gindin kwano.

Na san irin wannan aron. Haka aka ari ta Kawu Iliya, har aka kai shi makwancinsa ana cewa baɗi za a mayar. Gonar nan ita ce rabona daga Baba. Muddin ina kai kaina can, tawa ce. Ranar da na kasa, sunanta gonar Ummaru.

Talata, 11 ga Yuni

Na zauna da littafin babur ɗin. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin Kafur ba, amma mutum ne mai gaskiya: ya ce duk gyaran da ka yi wa shokar gaba, wato sandunan da ke shanye dukan ramuka, ka sami abu ɗaya ka rasa wani. Ka sassauta ta, ramuka su daina dukanka, amma da ka taɓa birki gaban ya durƙusa kamar mai gaida sarki. Ka ɗaure ta, ya tsaya ƙyam, kowane dutse kuma ya aiko maka da gaisuwa har haƙori.

Na ɗauki sukuddireba na sassauta ƴan sukurorin saman. Sai da na yi ta lalube kafin bakin ya shiga tsagar. Hasken zauren nan ba shi da kyau.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ya fi taushi. Rawar tana nan.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kai shi wurin Almustapha bakanike, bayan tasha. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa. Ya saurara da ladabi, ya goge hannu, ya ce, "To Malam, buhu nawa za ka riƙa ɗorawa?"

Na ce ba buhu. Ni kaɗai.

"Ai babur ba ya rasa buhu."

A garin nan ilimin shoka ke nan gaba ɗaya. Babur jaki ne mai shan fetur, gyaransa shi ne ya ɗauki masara bai zauna ba. Na ce ya canza man ciki kawai, ya sa marar kauri, ya ɗan ƙara ɗaure boris ɗin wuya. Na tafi sallah. Kafin in dawo, saboda ƙaunar da yake mini, ya ɗura baƙin mai na inji, ya yanko guntun bututun ruwa ya cusa a kan kowane sifirin. Yana murmushi ya ce, "Yanzu ko saniya ka ɗora, Malam."

Gaban ya zama taɓarya. Na iso gida idona na ganin kowane abu biyu.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na faɗi a rafi. Ba wani abu, gwiwa ce ta ɗan goge. Tayar gaba ta doki dutse ta yi tsalle, na so in matse birki, yatsun suka yi nawa.

Laifin Almustapha ne. Na ji daɗin samun mai laifi, har na ci tuwo da yawa.

Juma'a, 28 ga Yuni

Na zare bututun, na zubar da baƙin man, na sa wanda ya dace, wanda wani tsohon ɗalibina ya aiko mini daga Kaduna. Na kwance notin maƙallan na zura sandunan shokar ƙasa kaɗan don gaban ya ɗaga. Littafin ya ce haka ke sa babur ya miƙe ɗoɗar, sai dai ya yi taurin kai a kwana. To ya yi. Ni ma haka nake, kuma ana zaune da ni.

Mairo ta tsaya a bakin zaure tana kallona. Ta ce, "Malam, shokar kofin shayi fa, wa zai gyara ta?" Wai kullum sai ta goge tabarma.

Na ce kofin ne ba shi da mariƙi mai kyau. Ta ce to, ta shige. Gara ta yi faɗa da wannan "to" ɗin.

Laraba, 3 ga Yuli

Wani yaro a aji ya ce, "Malam, rubutunka ya ƙanƙance, ba ma gani daga baya." Na ce ya matso gaba, ilimi ba ya bin mutum kujerar ƙarshe. Aka yi dariya. Da suka fita na tsaya na dubi allon. Layin ya fara da manyan baƙaƙe, ya ƙare kamar sawun tururuwa.

Asabar, 6 ga Yuli

Ba abin da ya rage ban taɓa ba. Iskar taya, boris, mai, tsayin gaba, har robar hannu na canza.

Yau na je duba masara. Ta kai gwiwa, tana neman taki na biyu. A hanyar dawowa na tsaya ƙarƙashin ɗorawar nan ta mararraba, na kashe inji, na sauke ƙafa. Shiru, sai kukan kurciya. Na ɗora hannun dama a kan tanki.

Yana rawa. Babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi.

Inji a kashe. Taya a tsaye. Na daɗe ina kallonsa kamar hannun wani ne aka ba ni ajiya. Na danne shi da na hagu ya tsaya, na saki ya ci gaba.

Wani mai shanu ya wuce ya ce, "Sannu Alhaji, mai ne ya ƙare?" Na ce eh.

Litinin, 8 ga Yuli

Ban je makaranta ba. Ban buɗe littafin komai ba.

Talata, 16 ga Yuli

Zariya, a motar haya, Mairo a gefena riƙe da ledar magungunan da ba a tambaye ta ba. Likitan sa'an ɗalibaina ne. Ya sa na yi tafiya a ɗaki, na taɓa hanci, na buɗe hannu na rufe. Ya faɗi sunan ciwon, sunan wani Bature ne. Na riga na san shi. Amfanin yawan karatu ke nan: ka san sunan abin da zai ci ka kafin a gabatar da ku.

Ba ya warkewa, ana dai lallaɓa shi da ƙwayoyi. Na tambaye shi babur fa? Ya ce wane iri? Na nuna masa hoton a waya. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

"Baba, wannan ko ni ba zan hau ba."

A hanya, da muka wuce Funtuwa, Mairo ta juyo ta ce, "Da ka faɗi a rafin nan da ruwa ya kawo, wa zai gaya mini?" Na ce ta duba farashin tumatir a bakin titi.

Asabar, 20 ga Yuli

An yi ruwa kwana da kwanaki. Takin yana jingine a zaure, masara tana can tana yin ɗorawa. Na fito da babur da safe, na hau, na tayar. Na zauna a kai yana ruri har maƙwabta suka leƙo. Sannan na kashe na mayar da shi ciki.

Ummaru ya aiko a gaishe ni. Bai ambaci gona ba. Ya san ba sai ya ambata ba.

Wai duk shekarun nan ina zaton ƙasar ce nake riƙe da ita. Ashe birki ne.

Asabar, 27 ga Yuli

Ummaru gajere ne, ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Dole na mayar da sandunan shokar sama, gaban ya sauka, na rage kumfar kujera. Na sa mai walda ya liƙa matakan ƙafa biyu a baya, abin da wanda ya ƙera babur ɗin zai yi kuka in ya gani. Na ɗaure sifirin na baya don nauyin mutum biyu, na gaba kuma na bar shi tsaka-tsaki. Almustapha ya zo wucewa ya ce, "Ban gaya maka ba, Malam? Ga buhun ya samu." Ban kula shi ba.

Na shaida wa Ummaru ba aro ba ne. Direba na ɗauka, kuma ba albashi. Ya ce, "Na ji, Yaya."

Tuƙinsa abin takaici ne. Yana zama daɓas a ramuka maimakon ya miƙe, yana matse birkin gaba a taɓo. Tun daga Malumfashi nake masa ihu a kunne. Daga baya ana ganin gonakin mutane sosai, ban taɓa lura ba.

An zuba takin. Masu aikin suka tambayi ranar da za a dawo yin huɗa, suna kallonsa. Na buɗe baki, sai na ga ya faɗi ranar da zan faɗa. Na bar shi.

Babur ya kwana a gidansa. Zaurensa ya fi nawa faɗi, shi ke nan dalili.